Daga Ayarin Gwanja Zuwa Ayarin Intanet: Tarihin Manhajar Ɓad-da-sawu a Kwamfutar Gida

1.0 Gabatarwa

Nyanshegu unguwa ce a birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Ghana. An fi saninta da makarantar Anbariyya wadda Afa Ajura ya assasa. Dagwamba ne masu ƙasar, amma Hausa ba baƙuwa ba ce a Tamale, domin ita ce harshen zango da kasuwa tun zamanin fatauci. A yau ɗalibi ko malami ko ɗan kasuwa da ke zaune a wannan unguwa yana iya buɗe kwamfutarsa a tsakar gida, ya jona ta da wayarsa, ya leƙa ɗakunan karatu da kasuwannin duniya ba tare da ya taka ƙofar gida ba. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, layin da yake hawa intanet da shi an yi masa rajista da katin ɗan ƙasa, katin kuwa yana ɗauke da sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa. Ke nan duk shafin da ya ziyarta, akwai sawun da ke komawa har gare shi.

Wannan matsala ce ta haifar da manhajojin ɓad-da-sawu, waɗanda fitacciya daga cikinsu ita ce Tor. Rubutun nan ya bibiyi asalin wannan manhaja, da yadda ta fito daga ɗakin binciken soja ta shigo kwamfutar gida, da kuma irin jarrabawar da ta fuskanta a ƙasashen da Hausawa ke zaune. Tarihin ya nuna cewa mutum ba ya iya ɓoye sawunsa shi kaɗai, sai a cikin taro. Wannan kuwa darasi ne da fataken Hausa suka riga suka koya a kan hanyar Gwanja, tun kafin a san mene ne kwamfuta.

2.0 Sirri a Tunanin Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da bai wa sirri muhimmanci. Idan ya yi addu'a yakan roƙi rufin asiri, idan ya ga mai sakin baki yakan tuna masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsarin gininsa ma yana tafiya a kan haka: baƙo namiji iyakarsa zaure, ba ya wucewa cikin gida sai da sallama da izini. Addinin Musulunci ya ƙara ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane da cin namansu.

A fagen harshe kuwa akwai zaurance, wato salon jirkita kalmomi yadda wanda bai san ka'idar ba zai ji sauti amma ma'ana ta kuɓuce masa. Ana iya ƙara gaɓa bayan kowace gaɓa, sai "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tada fidi". Ana kuma iya juya gaɓoɓin kalma, sai "gida" ta koma "dagi". Yara da matasa da mata sun yi amfani da wannan salo domin su yi zancensu a gaban mutane ba tare da an fahimce su ba.

Sai dai zaurance yana da iyaka, kuma wannan iyakar ita ce ƙashin bayan duk tarihin da ke tafe. Yana ɓoye abin da aka faɗa, amma ba ya ɓoye wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Uwar da ta ga 'yarta tana zaurance da wata ƙawa kullum da yamma, ko ba ta gane kalma ɗaya ba, ta san su biyun akwai abin da suke ƙullawa. Sau da yawa sanin wanda ya gana da wane, da lokacin ganawar, da yawanta, ya ishi mai bincike, ko da bai ji zancen ba.

3.0 Darasin Ayarin Gwanja

Alaƙar Hausawa da ƙasar Dagwamba ta samo asali ne daga fataucin goro. A ƙarni na 18 da na 19, fatake daga Kano da Katsina da sauran garuruwa, cikinsu har da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗauki kanwa da tufafi da kayan fata, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, kuma hanyar cike take da 'yan fashi da masu karɓar fito.

Babu falken da ke yin wannan tafiya shi kaɗai. Sukan haɗu su yi ayari a ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba yana duba hanya, a yi ta tafiya ana yada zango. Yawan jama'a shi ne garkuwarsu, kamar yadda aka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙaramin falke mai jaki ɗaya yana amfana da inuwar babban attajiri, attajirin ma yana buƙatar ƙananan domin su cika ayari. Wanda ya ware ya bi hanya shi kaɗai, daga nesa ake hango shi.

Yaƙin basasar Salaga na shekarar 1892 ya tarwatsa kasuwar, mazaunanta suka bazu a wasu garuruwa. Daga cikin waɗanda suka tashi har da shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar yankunan arewa zuwa Tamale a 1907, sai garin ya bunƙasa, Hausawa suka kafa zangonsu a ciki. Kalmar zango, wadda asalinta masaukin ayari ne, ita ce ta zama sunan unguwannin baƙi Musulmi a faɗin Ghana har yau. Waɗannan kalmomi uku, ayari da madugu da zango, za su taimaka ƙwarai wajen fahimtar yadda manhajar ɓad-da-sawu take aiki.

4.0 Sawun Mai Hawa Intanet

Ghana tana cikin ƙasashen farko a Afirka ta Yamma da suka samu cikakkiyar intanet, a shekarar 1995, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor. Da farko sai ofisoshi da shagunan intanet, daga baya wayar salula ta kai ta cikin gidaje. A Nijeriya ma haka abin ya kasance bayan shigowar wayar salula a 2001.

An gina intanet ne a bisa tsarin da kowane saƙo ke ɗauke da adireshi biyu: na mai aikawa da na wanda za a kai wa. Adireshin jerin lambobi ne da kamfanin sadarwa ke bai wa kwamfuta ko waya idan ta hau layi. Don haka kamfanin yana ganin shafukan da mutum yake nema, mai shafin kuma yana ganin adireshin baƙonsa, wanda daga gare shi ake iya gane ƙasarsa da kamfanin sadarwarsa, wani lokaci har da garinsa. Yawancin shafuka a yau suna kulle abin da ke cikin saƙo yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ba. Amma wannan kullewa zaurance ne kawai: ta rufe zance, ta bar masu zancen a fili.

A zamanin shagunan intanet, mutane da dama sukan yi amfani da kwamfuta ɗaya da adireshi ɗaya, don haka da wuya a ce wane ne ya buɗe wane shafi. Rajistar layukan waya ta kawo ƙarshen wannan. Nijeriya ta fara rajistar layuka a 2011, sannan a watan Disamba na 2020 ta umarci a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa. Ghana ta fara sabuwar rajista da katin ɗan ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 2021, kuma a 2023 aka rufe layukan da ba su yi ba. Hukumomi sun kafa hujja da yaƙi da zamba da garkuwa da mutane, kuma hujja ce mai ƙarfi. Duk da haka, sakamakon shi ne tazarar da ke tsakanin adireshin kwamfuta da sunan mai ita ta ragu ƙwarai. Sashe na 18 na tsarin mulkin Ghana na 1992 da sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 sun kare sirrin gida da na sadarwa, Ghana kuma ta yi dokar kare bayanai a 2012. Sai dai doka tana hukunta mai leƙe ne bayan ya leƙa, ba ta rufe masa ido.

5.0 Asalin Tor

Tun a 1981 wani masani Ba'amurke, David Chaum, ya kawo shawarar a riƙa tara saƙonni a wata na'ura ta tsakiya, a cakuɗa su, sannan a sake su, yadda mai sa ido ba zai iya haɗa mai aikawa da mai karɓa ba. A 1995, masu bincike uku a cibiyar binciken rundunar sojan ruwan Amurka, wato David Goldschlag da Michael Reed da Paul Syverson, suka fara gina tsarin da zai yi irin wannan aiki cikin sauri. Suka kira shi da sunan albasa, domin saƙon yana tafiya ne a naɗe cikin ɓawo bisa ɓawo. Manufarsu ita ce jami'an gwamnatinsu su iya amfani da intanet a ƙasashen waje ba tare da an gane inda saƙonsu ya nufa ba.

Nan da nan suka ci karo da wata matsala wadda ba ta lissafi ba ce. Idan jami'an leƙen asiri ne kaɗai ke bin wannan hanya, to duk wanda aka gani a kanta an san ko shi wane ne. Ayarin da duk mutanensa dogarai ne ba ya ɓoye dogari. Dole sai an buɗe hanyar ga kowa: ɗan jarida da ɗan kasuwa da ɗalibi da mai neman maganin ciwon da yake jin kunyar faɗa. Haka kuma jama'a ba za su amince su shiga ba matuƙar gwamnati ɗaya ce ke riƙe da duk na'urorin. Saboda haka sai an bar 'yan sa-kai su riƙe su, an kuma baje lissafin manhajar a fili kowa ya duba.

A kan wannan tunani Roger Dingledine da Nick Mathewson suka haɗu da Syverson suka gina sabon tsarin da aka sa wa suna Tor, wanda ya fara aiki a 2002. Zuwa ƙarshen 2003 na'urorin 'yan sa-kai ba su wuce goma sha wani abu ba, kusan dukansu a Amurka, ɗaya a Jamus. A 2004 ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet ta Electronic Frontier Foundation ta fara tallafa wa aikin, a 2006 kuma aka kafa Tor Project a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Shekaru da dama kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da ita daga hukumomin gwamnatin Amurka yake fitowa, abin da ya sa wasu ke yi mata kallon shakka. Amsar masu aikin ita ce lissafin a buɗe yake, kuma masana daga ƙasashe daban-daban suna bincikensa. A yau na'urorin 'yan sa-kai sun kai dubbai a faɗin duniya.

6.0 Yadda Take Aiki

Idan mai kwamfuta ya nemi wani shafi, manhajar takan zaɓi na'urori uku daga cikin dubban nan, waɗanda za a iya kira zanguna. Sai ta kulle saƙon sau uku, kamar wasiƙar da aka sa a ambulan, aka sa ambulan ɗin a wani, aka sake sa shi a na uku. Zangon farko yana da mabuɗin ambulan na waje kaɗai. Ya san adireshin mai aikawa, amma abin da ya gani a ciki shi ne umarnin ya miƙa wa zango na biyu. Na biyu bai san mai aikawa ba, bai kuma san inda za a kai ba, iyakarsa ya karɓa daga na farko ya ba na uku. Na uku shi ne ke buɗe ambulan na ƙarshe ya kai saƙo ga shafin da ake nema, ba tare da ya san daga wa ya taso ba. Mai shafin zai ga adireshin zango na uku ne. Kamfanin sadarwa kuwa zai ga mutum ya shiga Tor, amma ba zai ga inda ya nufa ba.

A nan ne bambancinta da VPN yake. Mai amfani da VPN yana miƙa duk saƙonninsa ga kamfani ɗaya, shi kuma ya isar da su da adireshinsa. Wato ayari ne mai madugu, kuma madugu ya san kowane falke, ya san garinsu, ya san kasuwar da ya nufa. Idan madugun mai amana ne an tsira, idan kuwa yana rubuta sunaye yana sayarwa, ko hukuma ta matsa masa ya miƙa littafinsa, asiri ya tonu. Tor an tsara ta ne yadda babu madugu ɗaya da ya san farkon tafiya da ƙarshenta. Kuɗin wannan kariya shi ne jinkiri, domin saƙon da ya tashi daga Tamale yana iya yada zango a ƙasashe uku kafin ya isa.

7.0 Shigowarta Kwamfutar Gida

A shekarun farko, girka Tor aikin ƙwararru ne. Sai mutum ya sauke manhajar, ya haɗa ta da wata mai tace saƙonni, ya shiga cikin burauzarsa ya sauya saituna da hannu, kuma kuskure ɗaya ya isa ya fallasa adireshinsa alhali yana zaton a ɓoye yake. Wannan wahala ta hana ayari girma, ƙarancin jama'a kuwa rauni ne ga kowa da ke ciki. A 2008 aka fara fitar da Tor Browser, wato burauzar Firefox da aka gyara aka haɗe ta da duk abin da ake buƙata a ƙunshi ɗaya. Wannan mataki ne ya fito da manhajar daga hannun masana ya kai ta gidajen mutane.

Tun daga lokacin, aikin ya zama mai sauƙi. Mai kwamfuta yakan je shafin Tor Project na ainihi, ya zaɓi ƙunshin da ya dace da kwamfutarsa, ko Windows ce ko macOS ko Linux, ya sauke, ya girka, ya buɗe, ya danna maɓallin haɗawa. Masu aikin sukan buga sa-hannun lantarki tare da kowane ƙunshi domin a tabbatar ba a gurɓata shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2019 kamfanin tsaro na ESET ya gano wata jabun Tor Browser da aka yaɗa a tsakanin masu jin Rashanci, wadda take satar kuɗin masu amfani da ita. A inda al'ada ta zama a kai kwamfuta wurin mai gyara ya loda mata manhajoji daga filashinsa, haɗarin jabu a kusa yake.

Burauzar tana da matakan tsaro uku, kowane na sama yana kashe wasu ƙawace-ƙawacen shafuka waɗanda ake iya bi ta cikinsu a yi kutse. Ana kuma gargaɗin kada a ƙara mata wasu ƙananan manhajoji. Dalili shi ne an yi ta yadda duk masu amfani da ita za su yi kama da juna a idon shafuka. Wanda ya sauya mata fasali ya zama kamar mai jan rawani a cikin ayarin masu fararen huluna.

Da wasu ƙasashe suka fara toshe adireshin zangunan da aka sani, sai a 2007 aka fara ƙirƙiro gadoji, wato zangunan farko da ba a buga adireshinsu a fili ba. Sin da Iran sun daɗe suna yaƙar manhajar, Rasha ma ta toshe ta a watan Disamba na 2021. Sunanta ya bazu a lokacin boren ƙasashen Larabawa na 2010 da 2011, ya ƙara bazuwa a 2013 sa'ad da takardun da Edward Snowden ya fallasa suka nuna cewa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka kanta tana kokawa da wahalar gano masu amfani da ita. Facebook ya buɗe ƙofa ta musamman a cikin Tor a 2014, BBC ma ta yi haka a 2019 saboda masu karatu a ƙasashen da aka toshe ta.

8.0 Jarrabawar Shekarar 2021

A ƙasar Hausa, shekarar 2021 ce ta sa talaka ya san akwai hanyar zagaye a intanet. Ranar 4 ga Yuni, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a Nijeriya, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin sadarwa suka toshe shafin, ministan shari'a Abubakar Malami kuma ya yi barazanar gurfanar da masu karya umarnin. Jama'a da dama suka koma ga VPN, kalmar ta shiga bakin matasa a Kano da Kaduna da Zariya. Dakatarwar ta ɗauki kwana 222, aka janye ta ranar 13 ga Janairu, 2022, sannan a watan Yulin wannan shekara kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa ta saɓa wa doka.

Abin lura shi ne, mafi yawan mutane a lokacin ƙofa suke nema, ba ɓuya ba. Sun bi ta VPN suka shiga shafinsu mai ɗauke da sunansu da hotonsu suka ci gaba da rubutu. Sun tsallake shinge, amma sawunsu yana nan. Da yawa kuma sun ɗauki VPN na kyauta ba tare da sanin ko wane ne madugun da suka miƙa wa kayansu ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, an katse intanet ta wayar salula daga 24 ga Fabrairu, 2021 har tsawon kwana goma. A watan Satumba na shekarar, hukumar sadarwa ta Nijeriya ta umarci a rufe turakun sadarwa a faɗin jihar Zamfara bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato da wasu sassan Kaduna suka biyo baya. Mutane suka riƙa tafiya garuruwan maƙwabta domin kawai su buga waya. A irin wannan hali babu Tor ko VPN da ke da amfani, domin manhajar tana ɓatar da sawu ne a kan hanya, ba ta gina hanyar. Masar ta riga ta nuna haka a watan Janairu na 2011, lokacin da gwamnati ta kashe intanet baki ɗaya na kusan kwana biyar.

Ghana ta kusa shiga wannan sahu a 2016, sa'ad da sufeto janar na 'yan sanda John Kudalor ya ce ana duba yiwuwar rufe shafukan sada zumunta ranar zaɓe. 'Yan jarida da ƙungiyoyin farar hula suka yi ca a kansa, Shugaba John Mahama ya fito ya ce ba za a rufe ba, aka yi zaɓen 7 ga Disamba layuka a buɗe. Muryar jama'a ce ta kare hanyar a wannan karo.

9.0 Iyakar Manhajar

Tarihi ya adana misalan waɗanda suka dogara da Tor fiye da kima. A 2007 wani mai bincike ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa zangunan fita da kansa, ya tattara kalmomin sirri na akwatunan imel kusan ɗari na ofisoshin jakadanci da hukumomi, domin masu su sun aika da su ba a kulle ba. Zango na uku bai san mai aikawa ba, amma yana iya karanta wasiƙar da ba a rufe ba. A watan Disamba na 2013 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Harvard ya aika da barazanar bam ta Tor domin a ɗage jarrabawa. Masu bincike ba su fasa manhajar ba. Sun duba ne kawai su waye suka shiga Tor ta layin jami'ar a wannan lokaci, suka same shi cikin sauƙi. Ayarinsa ya yi ƙanƙanta. Wannan gargaɗi ne ga duk mai zaune a inda masu amfani da manhajar ba su da yawa.

Misali mafi zafi daga Ghana yake, kuma babu ruwansa da adireshin kwamfuta. Anas Aremeyaw Anas, ɗan jaridar ƙwaƙwaf wanda asalinsa Bimbila ne a arewacin ƙasar, ya shahara da rufe fuskarsa da labulen duwatsun ado. A watan Yuni na 2018 tawagarsa ta Tiger Eye ta fitar da binciken cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa, wanda ya yi sanadin saukar shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi. Bayan haka wani ɗan majalisa ya nuna hoton ɗaya daga cikin 'yan tawagar, Ahmed Hussein-Suale, ɗan Wulensi, a gidan talabijin. Ranar 16 ga Janairu, 2019, wasu mutane biyu a kan babur suka harbe Ahmed a unguwar Madina da ke Accra. Ɗan majalisar ya musanta hannu a kisan. Abin da wannan lamari ya nuna shi ne ɓad-da-kama ga wasu mutane batun rai ne, kuma yakan warware ne ta fuska da suna da bakin waɗanda suka san mutum, wuraren da manhaja ba ta kai wa.

Akwai kuma ɓangaren ɓarna. Hanyar da ke kare ɗan jarida ita ce ta kare kasuwar ƙwayoyi ta Silk Road daga 2011 har zuwa lokacin da hukumomin Amurka suka rufe ta a watan Oktoba na 2013. A Ghana ana kiran zambar intanet da suna sakawa, kalmar da ake dangantawa da Hausar zango. Duk mai kare amfanin manhajar ɓad-da-sawu dole ya yarda cewa ayari yakan ɗauko ɓarawo tare da alhaji. Tsarin ba shi da yadda zai tantance niyyar matafiyi ba tare da ya san ko shi wane ne ba, idan kuwa ya sani, to ya daina zama abin da aka gina shi domin ya zama.

10.0 Kammalawa

Tarihin Tor ya faro ne daga buƙatar soja a 1995, ya zama aikin 'yan sa-kai a 2002, ya shigo kwamfutar gida a 2008. A kowane mataki, ƙarfinta ya ƙaru ne gwargwadon yawan mutane da bambancin waɗanda suka shiga. Mai kwamfuta a Nyanshegu ko Fagge ko Maraɗi da ya girka ta zai samu abu ɗaya tabbatacce: kamfanin sadarwarsa ba zai ga shafin da ya nufa ba, mai shafin kuma ba zai ga daga inda ya taso ba. Ba za ta ɓoye cewa yana amfani da ita ba sai ya bi ta gada, ba za ta yi aiki ba idan an kashe turaku, ba kuma za ta kare wanda ya rubuta sunansa da hannunsa ba. Baki shi ke yanka wuya, a intanet kuwa yatsa ne bakin.

Falken da ya nufi Salaga ya san ayari ba ya hana mutuwa, amma ya san wanda ya tafi shi kaɗai ya fi kusa da ita. Ya kuma san ayari ba ya tsayuwa sai da masu ƙananan kaya, waɗanda ba su da abin ɓoyewa. Haka ɗalibin da ya buɗe Tor domin ya karanta darasin nahawu, ko bai sani ba, ya ƙara mutum ɗaya a cikin taron da wani ɗan jarida yake fakewa a ciki.